Queen Kafin Bohemian Rhapsody: Albam Uku Na Farko Da Tsoffin Masoya Ba Sa Wasa Da Su

Yau za mu ɗan ajiye Kannywood da Indiya a gefe, mu leƙa Landan ta shekarun 1973 da 1974.

Na san da yawanku kun san Queen ko da ba ku san sunanta ba. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ranar da aka ɗaga kofi ya ji We Are the Champions. Duk wanda ya ga 'yan kallo suna buga ƙafa sau biyu su tafa sau ɗaya, to We Will Rock You ce. Wasu kuma ta fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018 suka san su, wanda Rami Malek, ɗan asalin Masar, ya ci Oscar da shi. Ni ma ta nan na shigo.

Bayan na kalli fim ɗin sai na je wurin wani mai tura waƙa a bakin kasuwarmu na ce ya zuba min duk abin da yake da shi na Queen. Da na dawo gida na sa iyafis, waƙar da ta fara faɗo min ita ce Ogre Battle. Wallahi sai da na cire iyafis ɗin na duba waya, don na ɗauka ya haɗa min da waƙar wasu mutane daban. Jita tana ruri kamar injin markaɗe, wani yana ƙwalla ihu kamar an taka masa wutsiya. Washegari na koma na yi masa ƙorafi, shi ma bai san komai a kai ba, ya ce haka ya samu. Daga baya ne na gane ashe ni ne ban san Queen ba. Waccan waƙar tasu ce, kuma a wajen tsoffin masoyansu irin wannan kiɗan shi ne Queen ta asali.

Shi ya sa na haɗa wannan bayani, don wanda yake son ya san inda abin ya faro ya samu komai a wuri ɗaya.

SU WAYE QUEEN?

An kafa ƙungiyar a Landan a 1970, kuma mutum huɗu ne.

Freddie Mercury, mai waƙa da fiyano. Sunansa na yanka Farrokh Bulsara. A Zanzibar aka haife shi ranar 5 ga Satumba 1946, iyayensa 'yan ƙabilar Farsi ne na Indiya. Ya yi makarantar kwana a Panchgani da ke Indiya, sannan iyalinsu suka koma Ingila a 1964 lokacin juyin juya halin Zanzibar. Zane ya karanta a kwalejin Ealing, shi ya zana tambarin ƙungiyar. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 1991.

Brian May, mai jita. Kimiyyar fiziks ya karanta a Imperial College, ya ajiye digirin dakta ɗinsa saboda kiɗa, sai a 2007 ya koma ya ƙarasa a fannin ilimin taurari.

Roger Taylor, mai ganguna. Ya fara karatun likitan haƙori, ya bari ya koma nazarin halittu. Shi ne mai siririyar muryar nan da ke tashi sama can a bayan ta Freddie.

John Deacon, mai jitar bes. Shi ne autansu kuma shi ya zo daga ƙarshe, a 1971. Lantarki ya karanta. Mutum ne mara surutu.

Brian da Roger sun riga sun yi wata ƙungiya mai suna Smile tare da Tim Staffell. Da Staffell ya tafi sai Freddie, wanda dama yake bin su duk inda za su yi wasa yana ba su shawarar da ba su nema ba, ya karɓi makirfo. Shi ya kawo sunan Queen.

INA NAUYIN SAUTIN YA FITO?

Kafin mu shiga albam-albam ɗin, ya kamata ku san kayan aikin, don a nan sirrin yake.

Jitar Brian May ba a kanti aka saye ta ba. Shi da mahaifinsa Harold suka ƙera ta a gida tun yana saurayi, a farkon shekarun 1960, saboda ba su da kuɗin sayen mai tsada. Wuyanta daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki aka sassaƙo shi. Ana kiranta Red Special, kuma da ita yake aiki har yau. Maimakon ɗan robar da masu jita ke kaɗa tsirkiya da shi, shi tsohon kwabon Ingila na sisi yake amfani da shi, wanda gefensa yake da tsaga-tsaga. Wannan ne ke ba sautin nasa wani irin kaushi. Sai ya haɗa ta da amfilifaya samfurin Vox AC30. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar amfilifaya da John Deacon ya haɗa da kayan lantarkin da ya tsinto a bola, suna kiranta Deacy, da ita Brian yake sa jita ta yi kuka kamar algaita ko goge.

Abu na biyu shi ne ɗora murya kan murya. Freddie da Brian da Roger za su rera layi ɗaya, a ɗauka, su sake rerawa a ɗora a kai, har mutum uku su koma kamar taron mutum hamsin. Haka ma jita. A jikin kwalin faifansu na wancan lokacin har rubutawa suke yi cewa ba a yi amfani da sintasaiza ba, saboda mutane suna jin sautin su ɗauka na'ura ce ta yi. Sai a albam ɗin The Game na 1980 suka fara amfani da ita.

ALBAM NA ƊAYA: QUEEN
Ya fito: 13 ga Yuli 1973
Waƙoƙi: 10

An ɗauki yawancinsa a situdiyon Trident da ke Landan, wurin da Beatles suka ɗauki Hey Jude. Amma fa Queen ba kowa ba ne a lokacin, don haka ba a ba su lokaci mai kyau. Sai manyan mawaƙa sun gama sun tafi, wani lokaci cikin tsakar dare, sannan a ce su shigo. Duk wani yaro mai tasowa da ya taɓa zaman jiran layi a situdiyo ya san wannan zafin. Bayan an gama kuma sai da aka daɗe ana neman kamfanin da zai fitar, kafin EMI ta karɓa a Ingila, Elektra kuma a Amurka.

Wannan albam ɗin ɗanye ne, kuma ɗanyantakarsa ce masoya suke so. Ana jin tasirin Led Zeppelin da Jimi Hendrix a ciki ƙarara. Waƙoƙin da ya kamata ku kula da su:

Keep Yourself Alive. Ita ce ta buɗe albam ɗin, ita ce kuma waƙarsu ta farko da aka saki ita kaɗai. Ba ta ko shiga jadawalin waƙoƙin Birtaniya ba. Ku saurari yadda jita take sukuwa a farkonta kamar doki ranar hawan sallah.

Liar. Ta haura minti shida, tana sauka tana tashi, kuma a nan ne John Deacon ya samu fili ya nuna kansa. A wasanninsu na farko tana cikin waɗanda suka fi tayar da jama'a.

Great King Rat. Gangunan Roger ne ke jan ragamarta daga farko har ƙarshe.

Son and Daughter. In kuna neman mafi nauyi a albam ɗin, ga ta nan. Tafiyarta a hankali take kamar tirela ɗauke da siminti.

My Fairy King. Labarin wata ƙasar tatsuniya ce da Freddie ya ƙirƙira a kansa. A cikinta sunan Mercury ya fara fitowa.

Modern Times Rock 'n' Roll. Roger ne ya rubuta ya kuma rera, ba ta kai minti biyu ba, gudu kawai.

Su kansu 'yan ƙungiyar sun daɗe suna ƙorafin cewa ba a ɗauki gangunan yadda suke so ba. Shi ya sa a Oktoban 2024 aka sake tace albam ɗin aka fitar da shi da sunan Queen I, har aka mayar da waƙar Mad the Swine da aka cire tun farko. Masoya sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sun ce yanzu ne sautin ya fito, wasu sun ce a bar musu kayansu da ƙurarsa. Ni dai na farkon nake kunnawa, amma ku ji duka biyun ku yanke hukunci.

ALBAM NA BIYU: QUEEN II
Ya fito: 8 ga Maris 1974
Waƙoƙi: 11
Matsayi a Birtaniya: na 5

To, a nan ake yin ta. In ka haɗu da tsohon masoyin Queen ka tambaye shi wanne ya fi so, kada ka yi mamaki in ya tsallake duk waɗanda suka yi suna ya ce maka Queen II. Axl Rose na Guns N' Roses yana cikin waɗanda suka fito fili suka yabe shi.

An ɗauke shi a watan Agusta 1973, a Trident ɗin dai, amma wannan karon an ba su lokacin mutunci, su kuma suka yi amfani da shi har ƙarshe. Faifan garmaho fuska biyu gare shi. Maimakon su kira su ta ɗaya da ta biyu, sai suka kira ɗaya Farar Fuska, ɗaya Baƙar Fuska.

Farar Fuska kusan duk ta Brian May ce, in ban da waƙa ɗaya ta Roger, The Loser in the End. Ta fara da Procession, inda jita kaɗai take yin aikin tawagar mabusa. Daga nan ta zarce cikin Father to Son, wadda take farawa a natse, a tsakiya kuma ta rikiɗe ta zama ɗaya daga cikin kiɗa mafi nauyi da Queen ta taɓa yi. Sai White Queen mai sanyi da sa tunani, da Some Day One Day, waƙar farko da Brian ya ja da muryarsa.

Baƙar Fuska kuwa ta Freddie ce gaba ɗaya, kuma waƙoƙin a manne suke, wannan na shiga cikin waccan ba tsayawa. Ogre Battle, wadda ta firgita ni, labarin yaƙin dodanni ce. Abin da kuke ji a farkonta ƙarshen waƙar ne aka juya tef ɗin yana tafiya da baya. The Fairy Feller's Master-Stroke daga wani zane na Richard Dadd da ke gidan adana zane na Tate aka samo ta, Freddie ya bi mutanen da ke cikin zanen ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su waƙa. Sai Nevermore, 'yar gajeriya da fiyano.

Sannan uwa uba, The March of the Black Queen. Minti shida da rabi, ba amshin da ake maimaitawa, kiɗa yana canza salo kusan duk bayan minti ɗaya. Duk wanda ya saurare ta da kyau zai gane cewa Bohemian Rhapsody ba daga sama ta faɗo ba. Ga yayarta nan, kusan shekara biyu kafin ita. Ni a wajena ma yayar ta fi ƙanwar ƙarfin hali, ko da yake na san wannan maganar za ta jawo min faɗa.

Albam ɗin ya rufe da Seven Seas of Rhye, wadda a albam na farko ɗan guntun kiɗa ce kawai ba murya. Ita ce ta fara shigar da su jadawali, ta kai ta 10 a Birtaniya. Yadda abin ya faru ma rabo ne. A Fabrairun 1974 shirin Top of the Pops na BBC ya samu gurbi saboda bidiyon David Bowie bai samu ba, sai aka kira Queen suka cike.

Masu son fim, ga naku. Hoton da ke jikin kwalin, fuskoki huɗu cikin duhu da haske yana dukan su daga sama, Mick Rock ne ya ɗauka, kuma daga wani hoton jaruma Marlene Dietrich na fim ɗin Shanghai Express na 1932 aka ɗauko salon. Wannan hoton ne suka raya a farkon bidiyon Bohemian Rhapsody.

ALBAM NA UKU: SHEER HEART ATTACK
Ya fito: 8 ga Nuwamba 1974
Waƙoƙi: 13
Matsayi: na 2 a Birtaniya, na 12 a Amurka

Ku lura, albam biyu cikin shekara ɗaya, wata takwas tsakaninsu. Kuma cikin wahala aka yi wannan. Suna tsakiyar zagayensu na farko a Amurka, suna buɗe wa ƙungiyar Mott the Hoople fage, sai ciwon hanta ya kwantar da Brian May, dole aka katse tafiyar aka dawo gida. Yana fara murmurewa kuma sai gyambon ciki ya mayar da shi asibiti. Sauran ukun suka ci gaba da aiki suna bar masa gurbi, da ya samu sauƙi ya zo ya cike da jitarsa.

A nan ne suka koyi taƙaita waƙa. Killer Queen ta kai ta 2 a Birtaniya ta kuma buɗe musu ƙofar Amurka. Amma masoya kiɗa mai nauyi ba don ita suke riƙe da albam ɗin ba. Ga nasu:

Brighton Rock. A tsakiyarta kowa ya ja baya aka bar Brian shi kaɗai da na'urar amsa-kuwwa. Yana kaɗawa, na'urar tana dawo masa da abin da ya kaɗa, shi kuma yana ɗora sabo a kai, sai ka rantse mutum biyu ne. Wanda ya kalli Baby Driver na 2017 ya ji ta a faɗan ƙarshe na fim ɗin.

Now I'm Here. Brian ya rubuta ta lokacin jinyarsa yana tuna tafiyar Amurka. Ta daɗe a jerin waƙoƙin da suke yi a dandali.

Flick of the Wrist. Freddie ne cikin fushi, yana zayyana irin mutumin da ke tatse mawaƙi da takardar yarjejeniya.

Stone Cold Crazy. Minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, gudu kamar ɗan acaɓa ya hango 'yan kamu. Ita ce waƙa ta farko da aka rubuta sunan su huɗun a matsayin marubuta. Da yawa suna lissafa ta cikin waƙoƙin da suka share wa salon metal mai gudu hanya. Metallica sun sake yin ta a 1990, ta ciyo musu kyautar Grammy a 1991. A taron tunawa da Freddie da aka yi a Wembley ranar 20 ga Afrilu 1992, James Hetfield na Metallica ne ya rera ta tare da sauran 'yan Queen da Tony Iommi na Black Sabbath.

Wani abin da ke ruɗa mutane: akwai waƙa mai suna Sheer Heart Attack, amma ba ta cikin wannan albam ɗin. Sai a News of the World na 1977 ta fito.

ME YA SA MASOYA SUKE RIƘE DA WAƊANNAN UKUN?

Na farko, yunwa. Ana jin ta a cikin kiɗan. Yara ne huɗu da suka ajiye karatu mai kyau suka rungumi abin da ba tabbas. Ko bayan Killer Queen ta yi suna, har sun je Japan a 1975 dubban masoya sun tarbe su a filin jirgi, aljihunsu babu komai saboda irin yarjejeniyar da suka sa wa hannu. Sai da suka rabu da Trident suka koma hannun manaja John Reid kafin A Night at the Opera. Waƙar Death on Two Legs da ta buɗe wancan albam ɗin daga wannan ɓacin ran ta fito.

Na biyu, jita ce a gaba. Daga 1980, bayan Another One Bites the Dust ta yi kasuwa, sai ƙungiyar ta karkata wajen kiɗan rawa, har ta kai ga Hot Space na 1982 wanda ya ɓata wa tsoffin masoya da yawa rai. Irin musun da muke yi ne a majalisa idan mawaƙin da muka sani tun yana ƙaramin situdiyo ya yi kuɗi ya canza salo. Wasu su ce ya ci gaba, wasu su ce ya bar gida.

Na uku, waɗannan albam-albam ne da aka gina don a ji su daga farko zuwa ƙarshe. In ka yanko daƙiƙa talatin daga The March of the Black Queen ka sa a TikTok, ba abin da za a fahimta. Wannan ne ma yake ɗan damuna da yadda muke jin waƙa yanzu, har da ni. Muna sanin amshi, ba ma sanin mawaƙi.

Amma don Allah kada wannan ya sa ku raina wanda Radio Ga Ga kaɗai ya sani. Kowa da ƙofar da ya shigo ta ita, ni ma ta fim na shigo. Kuma gaskiya waƙoƙin farkon suna da nasu rauni. Wani wurin kayan sun yi yawa har kunne ya gaji, labaran dodanni da sarauniyoyi kuma ba kowa suke burgewa ba.

GYARA GA WANDA FIM KAƊAI YA KALLA

Fim ɗin Bohemian Rhapsody ya ci Oscar huɗu, amma ya yi wasa da tarihi. Ya nuna suna yin Fat Bottomed Girls a zagayensu na farko a Amurka, alhali waƙar ta 1978 ce. Ya kai We Will Rock You 1980, alhali ta 1977 ce. Ya nuna John Deacon tare da su tun wasan farko, alhali sai da suka gwada masu bes uku kafin shi. Shekarun da muke magana a kansu kuwa cikin 'yan mintuna fim ɗin ya wuce su.

TA INA ZA A FARA?

In data ta yi ƙaranci, ga biyar a jere: Keep Yourself Alive, Now I'm Here, Stone Cold Crazy, Father to Son, sai Ogre Battle. In kunnenku ya karɓa, ku nemi dare ɗaya da aka kawo wuta, ku sa iyafis duka biyu, don muryoyin suna yawo daga kunnen dama zuwa na hagu, ku kunna Baƙar Fuskar Queen II ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Bayan nan ku nemi Live at the Rainbow '74, wasannin da suka yi a Landan a watan Maris da Nuwamba 1974, wanda aka fitar a 2014. A nan za ku ga Freddie da dogon gashi da baƙin farce, babu gashin baki, kuma za ku ji yadda mutum huɗu kacal suke cika zaure da ƙara.

Shi kuwa mai tura waƙar nan, na koma na ba shi haƙuri. Na kunna masa Stone Cold Crazy, ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a bar shi da Hamisu Breaker. Na ce ba laifi.

Ku fa, wanne ya fi kama ku cikin ukun? Sai mun haɗu a rubutu na gaba, ku huta lafiya.